Darussan kwaleji tun ana sakandare a Amurka: wa ke biya, kuma yaushe bashin ke faɗowa kan iyaye?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, shekararmu tara a Columbus ta jihar Ohio. Babbar 'yata tana aji 10, ta dawo gida da wata takarda, wai tana so ta fara ɗaukar darussan kwaleji tun tana sakandare, kuma wai kyauta ne. Sai dai ƙanwata da ke Pennsylvania ta ce ita da ɗanta ya yi irin wannan karatu sai da ta biya, sannan wata maƙwabciyata a nan an aiko mata da takardar bashi bayan ɗanta ya gama zango. Babansu direba ne, ni kuma aikin kula da tsofaffi nake yi. Ba mu da rarar kuɗi, kuma ba ma son bashi mai ruwa. Don Allah wa ke biyan kuɗin nan? In cike mata FAFSA ne, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, ko in ce ta haƙura har ta gama sakandare?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Duka ukun da kika ji gaskiya suka faɗa miki: 'yarki, ƙanwarki da maƙwabciyarki. A jihar Ohio karatun nan kyauta ne ga ɗalibin makarantar gwamnati da ya ɗauki darasi a kwalejin gwamnati. A Pennsylvania tsarin daban ne. Takardar bashin maƙwabciyarki kuwa na san irinta, don na sha ganin iyaye sun shigo ofishina riƙe da ita. Na yi shekaru ina aikin ba ɗalibai shawara a wata kwalejin al'umma, wato kwalejin gwamnati mai karatun shekara biyu, a jihar nan, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne, shiga ba ta cika cin kuɗi ba. Inda kuɗi ke zuba shi ne wajen fita: faɗuwa darasi, janyewa a makare, da tara darussan da ba za a ƙirga su ba a inda yarinya za ta je daga baya.

Ga waɗanda ke karanta wannan daga gida, aji 10 a nan daidai yake da SS1. Abin da yarinyar ke nema ya ɗan yi kama da wanda ya yi IJMB ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, sai dai ita za ta yi nata ne tana cikin sakandare, kuma darasi ɗaya ana rubuta mata shi a takarda biyu, ta sakandare da ta kwaleji.

Me ya sa ƙanwarki ta biya

Ilimin sakandare a Amurka harkar jihohi ce da gundumomin makarantu, gwamnatin tarayya ba ta da tsari ɗaya da ya game kowa. Jihar Minnesota ta fara nata shirin mai suna PSEO tun 1985, kuma tana ɗaukar kuɗin makaranta da na littattafai. Jihar Washington tana da Running Start ga 'yan aji 11 da 12, inda kuɗin darasi ke kan gwamnati, littattafai da ƙananan kuɗaɗe da na mota kuma suna kan iyaye, sai in an yafe wa masu ƙaramin ƙarfi. Jojiya tana biya, amma tun 2020 ta tsayar da shi a kan kiredit 30 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi). 'Yan'uwanmu na Greensboro a jihar North Carolina suna da Career and College Promise, na Bronx kuma suna da College Now a ƙarƙashin jami'ar birnin New York. A Pennsylvania yawanci abin ya dogara ne da yarjejeniyar da gunduma ta ƙulla da kwalejin da ke kusa, kuma sau da yawa iyaye ne ke biya, ko da an yi musu rangwame. Saboda haka kada ki ɗora lissafin gidanki a kan labarin ƙanwarki, ita ma kada ta ɗora nata a kan naki.

Yadda abin yake a Ohio

Sunan shirin College Credit Plus, ya fara aiki a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016, kuma a buɗe yake daga aji 7 har aji 12. Idan 'yarki tana makarantar gwamnati, ta kuma zaɓi kwalejin al'umma ko jami'ar gwamnati, ba za ki biya kuɗin darasi ba, ba na littafi, ba sauran kuɗaɗen dole na darasin. Jiha ce ke yanke kuɗin daga kason da take ba makarantar yarinyar ta miƙa wa kwaleji. Littattafan kuma makarantarta ce ke saya, don haka mallakarta ne, ana mayarwa in zango ya ƙare. Na ga yaron da ya sayar da nasa a intanet a zatonsa kyauta aka ba shi, aka biyo uban da kuɗin. Abin da ya rage a wuyanki shi ne kai ta da ɗauko ta, man mota, abincin rana, wani lokaci da kuɗin ajiye mota. Idan jami'a mai zaman kanta ta zaɓa, ana iya neman ki biya wani abu. Idan kuma makarantar kuɗi take yi, ko a gida ake karantar da ita, sai kun nemi tallafin daga jiha da kanku kafin wa'adi.

Akwai takardar nuna niyya da ake miƙa wa makaranta kafin 1 ga Afrilu don shekarar da ke tafe, mai yiwuwa ita ce ta kawo miki. Sa mata hannu bai ɗaure ki da komai ba, rashin sa hannun ne ke iya rufe ƙofa. Makarantu kan kira taron iyaye a lokacin sanyi don yin bayani. Na san aikin dare da na kula da tsofaffi ba sa barin mutum, amma in da hali ɗayanku ya je.

Kyautar tana da iyaka: kiredit 30 a shekara, 120 gaba ɗaya. Wannan 30 ɗin ma ba duka za ta samu ba, domin ana cire nauyin darussan sakandaren da take yi. Kowane cikakken darasin sakandare ana ƙirga shi kiredit uku. In tana da darussa shida a sakandare, 18 sun tafi, saura 12, wato darussan kwaleji huɗu masu kiredit uku-uku a shekarar. Zangon bazara, wanda ake yi cikin dogon hutu, yana shiga lissafin shekarar da ke biye da shi. Darasin da ya tsallake iyakar, iyaye ne ke biyansa gaba ɗaya a farashin kwaleji na yau da kullum. Darussan share fage na waɗanda ba su kai matakin kwaleji ba, da darussan koyar da aƙidar addini, shirin ba ya ɗaukar nauyinsu.

Takardar bashin maƙwabciyarki

Dokar jihar ta ba gunduma damar neman iyaye su maido kuɗin da aka kashe idan ɗalibi ya faɗi darasi, ko ya janye bayan kwana 14 da fara shi. Kwana goma sha huɗu na kalanda, da Asabar da Lahadi a ciki. Har ma makaranta tana iya riƙe sakamakon yaro na sakandare sai an biya.

Nawa ne kuɗin? Ya danganta da inda aka yi darasin. A shekarun da na fi zama kan wannan aiki, jiha na biyan dala 166 da 'yan kai a kan kowane kiredit idan a harabar kwaleji ko ta intanet aka yi shi, rabin haka idan malamin kwaleji ne ya zo sakandaren, sai kimanin dala 41 idan malamin sakandaren ne da kwaleji ta amince da shi ya koyar. Darasi ɗaya mai kiredit uku a harabar kwaleji ya tasam ma dala 500 ke nan, irinsa da malamin sakandare ya koyar kuma wajen dala 125. Kin ga tun daga nan akwai dabara: wanda ya fara da darasin da ake yi a cikin makarantarsa, ko ya yi tuntuɓe, faɗuwar ba ta da nisa.

Bari in ba ki labarin wani bawan Allah. Ya shigo ofishina wata ranar Litinin da rigar aiki a jikinsa, bai ko je gida ba daga aikin dare, ya ajiye ambulan a kan tebur ya ce, "Malam, an ce mana kyauta ne." Ɗansa ɗan aji 11 ya ɗauki darussa uku a zangonsa na farko, yana kuma aiki a wani sito da yamma. Wajen mako na shida abin ya sha kansa, sai kawai ya daina zuwa. A tunaninsa wanda ya daina zuwa ya fita. A wurin kwaleji kuwa sunansa na nan cikin rajista, aka yi jarrabawa babu shi, aka rubuta masa F guda uku. Uban bai ji komai ba sai da takarda ta iso, kuma wannan ba sakacin kowa ba ne, doka ce. Akwai dokar tarayya mai suna FERPA, wadda ta ce da zarar ɗalibi ya shiga kwaleji, ko shekararsa 14, bayanan karatunsa na kwalejin nasa ne. Malamin kwaleji ba zai kira ki ya ce 'yarki ba ta zo aji ba. Akwai fom da yarinya ke cikewa ta ba iyayenta izinin ganin bayananta. Ki sa ta cike shi tun ranar rajista, kuma ki riƙa zama da ita ta buɗe shafinta na kwaleji kuna dubawa tare.

Akwai kuma wani sashe na dokar da ya shafe ki kai tsaye, wanda iyaye da yawa ba su san da shi ba. Idan makaranta ta rubuta ɗalibi cikin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, gunduma ba ta da ikon neman a maido kuɗin, ko da ya faɗi. Galibi ana gane hakan ne ta cancantar samun abincin makaranta kyauta ko da rangwame. Matsalar ita ce a wasu gundumomin kowane yaro na cin abinci kyauta, sai iyaye su ga babu dalilin cike fom ɗin kuɗin shiga na gida. Wasu mutanenmu kuma kunya ke hana su, suna ganin kamar bara ce. Haƙƙi ne, daga harajin da ake cirewa a albashinku ake biyansa. Ki tambayi makarantar a rubuce yadda aka rubuta 'yarki. Maƙwabciyarki ma ta yi wannan tambayar kafin ta biya ko sisi.

Batun FAFSA

Kada ki cike mata yanzu, ba zai amfane ta da komai ba. Tallafin tarayya na Pell da bashin karatu na gwamnati ba a ba wanda har yanzu yake sakandare. A 2016 gwamnatin tarayya ta gwada ba irin waɗannan ɗalibai Pell a kwalejoji 44, amma gwaji ne, bai zama doka ba. Lokacin FAFSA shi ne in ta shiga aji 12, don shekarar da za ta fara kwaleji sosai. Wannan ma wani alheri ne a ɓoye, domin Pell yana da iyaka ta zango 12 a rayuwar mutum, kuma darussan da ta yi yanzu ba su taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kafin a ci gaba da ba ɗalibi tallafin tarayya, kwaleji na duba ko karatunsa na tafiya yadda ya kamata. A yawancin wurare ana neman matsakaicin maki na 2.0 cikin 4.0, da cin kashi biyu cikin uku na duk kiredit ɗin da ya yi rajista. Darussan da aka yi ana sakandare suna cikin wannan lissafi. Yaron da na ba ki labari, da ya gama sakandare ya dawo kwalejin ya yi rajista, sai ya tarar tun kafin ya zauna a aji yana da kiredit tara da ya ɗauka bai ci ko ɗaya ba. Sai da muka rubuta takardar ɗaukaka ƙara kafin tallafinsa ya daidaita. A wurina wannan ya fi dalolin da uban ya biya ciwo, don kuɗi an biya an wuce, sakamakon kwaleji kuwa ba ya gogewa. In 'yarki na da burin likitanci, ki sani masu tantance takardun shiga makarantun likitanci suna haɗa kowane makin kwaleji da mutum ya taɓa samu, har wanda ya samu yana ɗan shekara 15.

Kiredit ɗin da ba a karɓa

A nan ni ma na taɓa yin kuskure, kuma har yau yana damuna. A farkon aikina akwai wata yarinya mai ƙwazo da na bari ta tara kiredit sama da 40. Ina ta murna, iyayenta na murna, ban taɓa zaunar da ita na tambaye ta ina take son zuwa ba. Ashe wata jami'a mai zaman kanta take hari a wata jiha. Ta samu shiga, amma kaɗan daga cikin kiredit ɗin aka karɓa. Jami'o'i masu tsananin zaɓe da yawa ba sa karɓar darasin da aka riga aka ƙirga shi cikin sharuɗɗan gama sakandare, ko wanda aka koyar a ginin sakandare. Ba ta yi asarar ilimi ba, amma shekara ɗaya da rabi da muke lissafin za ta rage ba ta ragu ba, kuma a kan wannan ragin iyayen suka gina kasafinsu.

A cikin jihar nan abin ya fi sauƙi. Akwai jerin darussan bai-ɗaya da ake kira Ohio Transfer 36, irin su rubutun Ingilishi, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, waɗanda kwalejoji da jami'o'in gwamnatin jihar ke karɓa daga juna. In ta tsaya cikin wannan jeri, kuma jami'ar gwamnati ta jihar za ta shiga, kusan duk abin da ta ci zai bi ta. Ko a nan ma, a karɓi kiredit daban, a ƙirga shi cikin digirin da take so daban. Lissafin da ake nema ga mai karatun jinya ba shi ake nema ga injiniya ba. In ta ɗauki wanda bai dace ba, za a rubuta mata shi a matsayin ƙari, ta sake zama ta yi na ainihin, wannan karon da kuɗinku.

Iyaye kan ji tsoron cewa tara kiredit zai hana yaro tallafin sababbin ɗalibai. A yawancin jami'o'i, duk wanda ya yi darussan kafin ya gama sakandare sabon ɗalibi ne, ko nawa ya tara. Hatsarin yana ga darasin da aka ɗauka bayan an karɓi takardar gamawa, wanda wasu jami'o'in ke mayar da mai shi ɗalibin canjin makaranta. Kafin ta ɗauki wani abu bayan bikin yaye su, a tambayi jami'ar da za ta shiga.

In har sai an biya

Wannan ya fi shafar ƙanwarki, da ke ma in 'yarki ta haura iyaka. Abu na farko shi ne a tambayi kwalejin ko tana yafe wa masu ƙaramin ƙarfi, don da yawa suna yi amma ba sa talla. Ofishin kuɗi kuma yakan raba biyan kashi uku ko huɗu a cikin zango, da ɗan kuɗin rajista amma babu ruwa, wanda ya fi ɗora shi a katin bashi nesa ba kusa ba. Wanda ke da asusun ajiyar karatu na 529 yana iya biya daga ciki. A wajen haraji akwai Lifetime Learning Credit, da ke rage kashi 20 cikin ɗari na abin da aka biya, har zuwa dala 2,000, amma yana rage harajin da ake bin mutum ne kawai, ba a ba shi tsabar kuɗi in ba a binsa komai. Ɗaya rangwamen, American Opportunity Credit, ya fi tsoka, yana kai dala 2,500, sai dai shekara huɗu kacal ake cin moriyarsa ga kowane ɗalibi, don haka ko yaro ya cancanta, ɓarna ce a ƙona shekara guda a kan darasin dala 300. Ni ba akawun haraji ba ne, ki kai wa mai cike muku takardun haraji fom ɗin 1098-T da kwaleji ke bayarwa, ya duba da yanayin gidanku.

Akwai kuma hanyar AP, inda ake yin darasin a sakandare, a zauna jarrabawa ɗaya a watan Mayu a kan kusan dala 100, da rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi. In makin jarrabawar bai yi kyau ba, ba ya shiga takardar kwaleji. Jami'o'in da ke ƙin kiredit ɗin kwalejin al'umma sau da yawa sun fi sakin jiki da AP. Yarinyar da ke hangen irin waɗannan jami'o'i gara ta haɗa biyun.

Abin da zan yi da 'yata ce

Ba zan hana ta ba, Hajiya. Gidan da ba ya son bashi mai ruwa, da wuya ya sami hanyar rage kuɗin jami'a da ta fi wannan tsafta, domin kowane zango da ta rage zango ne da ba za ku nemi kuɗinsa ba. Amma darasi ɗaya za ta fara da shi, wanda ta fi ƙarfi a kai, daga cikin jerin da ake karɓa ko'ina a jihar, kuma in ana yinsa a makarantarsu, can za ta yi. Ba zan bari ta fara da zangon bazara ba, don a nan ake cusa karatun mako 16 cikin mako takwas ko ƙasa da haka. Ba zan bari ta fara da darasin intanet ba, sai in na san ita mai tashi ce ta yi aikinta ba tare da an bi ta ba. Ki kuma duba nauyin da ke kanta a gida. Babbar 'ya a gidajenmu ita ce mai girki, mai raino, mai yi wa iyaye tafinta a asibiti, ga islamiyya Asabar da Lahadi. Malamin kwaleji bai san da wannan ba, kuma ba ya karɓar aikin da ya wuce lokaci yadda na sakandare ke ɗaga ƙafa. In matsakaicin makinta na kwaleji ya yi ƙasa da 2.0, ko ta janye daga darussa biyu a zango ɗaya, za a sa ta a matakin gargaɗi, a rage mata zuwa darasi ɗaya.

Alƙaluman da na kawo na Ohio ne, kuma majalisar jiha kan taɓa dokar lokaci zuwa lokaci, don haka takardar da makaranta ta bayar a bana ita ce abin riƙewa. In kin je wurin mai ba su shawara, ki tambaye shi kiredit nawa suka rage mata bayan an cire na sakandare, ko gundumarku na neman a maido kuɗi in an faɗi, da yadda aka rubuta ta a wajen ƙarfin gida. In kina da ɗa namiji a bayanta, ki tuna in ya cika 18 yana cikin shirin sai ya yi rajistar Selective Service, wadda gwamnati ke yi wa samari ko da za a buƙace su aikin soja, ya kai wa kwaleji lambar. Ranar da aka fara darasin kuma, ki ƙirga kwana 14 a kalandar da ke jikin firij ki zagaye ranar da biro. Kwana biyu kafin ta, ki zaunar da ita bayan isha'i, ta nuna miki makin aikinta na farko da tsarin darasin da malamin ya raba, ku yanke shawarar ci gaba ko janyewa tun ba a fara lissafa muku kuɗi ba.